Karatun babban hutu ga 'yan makarantar mishan: me za mu ba su, kuma nawa?

Malamar CM1, Zango

Gaisuwa gare ku duka, malamai da iyaye. Shekarar karatu ta zo ƙarshe, nan da mako uku za a raba takardun sakamako a sallami yara, ba za mu sake ganinsu ba sai Oktoba. Makarantarmu ta Kirista ce a nan Zinder, azuzuwan firamare shida a jere, wato CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, da azuzuwan kwaleji huɗu a jere, wato 6e, 5e, 4e da 3e. An nemi kowane malami ya shirya abin da 'yan ajinsa za su karanta a hutu.

Ga inda abin ya tsaya mini. Littattafan ɗakin karatunmu ba su kai yawan yaran ba. Da yawa cikinsu da ruwa ya sauka sai ƙauye, wajen Mirriya ko Matameye ko Magarya, don taya iyaye noma. Kuma ba duka ne 'ya'yan Kirista ba, akwai 'ya'yan Musulmi masu yawa a kowane aji. To littafi nawa ya dace da yaro ɗaya? Da Faransanci ko da Hausa? Wane sashe na Littafi Mai Tsarki ya dace da wane aji? Kuma yaya za a yi littafin ya dawo lafiya? Masu ƙwarewa ku taimaka.

Mushe mai ritaya, Birni

Malama, sannu da ƙoƙari. Ki ajiye zancen wane littafi tukuna, ki fara auna yaron. Yawancin jerin karatun hutu a nan suke mutuwa: a dubi ajin da yaro yake a ba shi littafi, alhali ƙarfin karatunsa yana aji biyu a baya. Ya buɗe shafin farko ya ga dutse, ya rufe, shi ke nan sai Oktoba.

Awon ba shi da wuya. Ki ɗauki sakin layi mai kalma 100 daga littafin da kike son ba shi, ki kwafe shi a takarda ki riƙe. Yaro ya karanta a bayyane, ke kuma kina ja wa kowace kalmar da ya yi tuntuɓe a kanta layi. In kuskuren bai wuce 5 ba, zai iya karanta littafin shi kaɗai. Daga 6 zuwa 10, sai da wani a gefensa. Ya haura 10, littafin ya fi ƙarfinsa, ki koma na ajin baya, kuma kada ki faɗi haka a gaban 'yan ajin. Bayan ya gama ki rufe littafin ki yi masa tambaya uku da Hausa: wa ake magana a kansa, me ya yi, me ya sa ya yi. Waɗannan ne tambayoyin da ke tona asiri, domin muna da yara masu furta Faransanci sumul kamar rediyo, amma ka tambaye su me suka karanta su yi tsuru-tsuru. Minti uku ya isa yaro ɗaya. In ajinki 50 ne, yara goma kowace safiya, rabin awa, cikin kwana biyar kin gama.

Ki ƙara abu ɗaya: ki duba agogo, ki ƙirga kalma nawa ya karanta daidai cikin minti ɗaya, ki rubuta adadin a gaban sunansa. Ki adana wannan sakin layin, za ki neme shi a Oktoba.

Batun yawa kuwa, da minti ake lissafi, ba da littafi ba. Hutun yana kai wajen mako 12. Ki cire biyu, domin tafiya da baƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda a Agusta da Satumba ba gidan da yake tsallakewa. Saura mako 10, kwana biyar a mako, kwana 50 ke nan. CI da CP minti 10 a rana. CE minti 15. CM minti 20. Kwaleji rabin awa. Ɗan CM da ya riƙe minti 20 ɗinsa ya tara minti 1000, sama da awa 16 na karatu, kuma wannan ya ishe shi gama ƙananan littattafai biyu ko uku. Don haka kada ki rubuta jerin sunaye goma. Uba ya ga goma ya san ba zai iya saye ba, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Lokaci ma a faɗa wa iyaye ƙarara. Ba da dare ba. Wuta tana ɗaukewa, ƙwari suna taruwa a kan cocila, yaro kuma ya gaji. A gari, da safe bayan karin kumallo kafin a aike shi ɗibar ruwa. A ƙauye, da rana tsaka lokacin da aka taso daga gona aka zauna a inuwa. Kuma ya karanta wa wani, ba a zuci ba. Ba dole mai sauraren ya iya boko ba. Kaka ma ta isa: yaro ya karanta shafinsa da Faransanci, sannan ya ba ta labarin da Hausa. In ya kasa ba da labarin, bai gane ba, ya sake karantawa.

Waɗanda na fi jin tsoro a kansu 'yan CI da CP ne. Haɗa baƙi da wasali bai gama zama a kansu ba, wata uku ba tare da sun gani ba yana iya share shi. Su ba littafi suke buƙata ba. Takarda ɗaya gaba da baya ta isa, mai ɗauke da sautukan da ke ba su wuya, su ou, on, an, in, oi, eu, ch, gn, kowanne da kalma biyar a ƙarƙashinsa, sai allo da alli. Kullum sauti ɗaya: ya karanta, ya rubuta, ya goge.

Malamin makarantar Lahadi, Sabon Gari

Alheri da salama. Baba Mushe, tsohon malamin makaranta, ya shimfiɗa tabarma, ni zan zauna a kan kwana 50 ɗin nan nasa in yi maganar Littafi Mai Tsarki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wa yaro ya fara daga Farawa ya yi gaba. Farawa da rabin Fitowa suna tafiya da daɗi, daga nan ya faɗa cikin awon alfarwa da dokokin hadaya na Littafin Firistoci, sai ya tsaya cak yana ganin laifinsa ne. A zaɓar masa wuri mai farko da ƙarshe, wanda zai gama ya san ya gama.

'Yan CE: Yunusa da Rut. Kowanne sura 4 ne. Yunusa aya 48 ce gaba ɗaya, Rut 85, ka ga aya biyar ko shida a rana ma an gama su da sauran kwanaki. Rut a bar ta zuwa Satumba, lokacin da gero ya nuna. Yaron da ya ga mata suna kala a bayan masu girbi ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da Rut take yi a gonar Bo'aza ba. A cike sauran kwanakin da Luka 15, da Daniyel sura 1, 3 da 6.

'Yan CM: Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta cikin huɗun, sura 16, kuma labari ne ke bin labari ba tsayawa. Kada a ce sura ɗaya a rana, ta yi musu yawa. A raba kowace sura uku, kashi 48 ke nan, wajen aya 14 a rana, ya yi daidai da kwana 50. In an fara a farkon Yuli, sura ta 4 mai misalin mai shuka za ta zo ana cikin noman farko, yaro yana ganin da idonsa irin da ya faɗi a kan fako da wanda ciyawa ta shaƙe. Wanda ya riga ya karanta Markus a ba shi labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 50. Amma a tsallake sura 38, labarin Yahuza da Tamar ne, ba na yara ba ne, kuma ba ya yanke zaren labarin. Sura 39 kuwa, ta matar Fotifar, babba ya zauna da shi.

'Yan kwaleji: Luka da Ayyukan Manzanni a jere, tun da marubucinsu ɗaya ne, na biyun yana ɗaukowa daga inda na farkon ya ajiye. Sura 24 da 28, jimla 52. Sura ɗaya a rana, sai dai Luka 1 mai aya 80 a raba ta biyu, a ci ɗan bashi daga ranakun Asabar. Akwai masu son tsarin Karin Magana, sura 31 a wata mai kwana 31, kuma Yuli da Agusta duk sun dace. Ga manya yana da kyau. Ga yara ina da ja: sura 5 da 7 gargaɗi ne a kan zina da kalmomi a fili, kuma karin magana talatin a zama ɗaya ba ɗayan da ke maƙalewa. Gara aya ɗaya a mako daga sura 10 zuwa gaba, a haddace ta. Ayoyi goma a ka a ƙarshen hutu ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu harshe. In da Faransanci ne, fassarar Louis Segond ta 1910 da ke yawancin gidaje ta yi wa ɗan firamare nauyi, jimlolinta dogaye, kalmominta tsofaffi. Fassarar Parole de Vie an yi ta ne da kalmomi wajen 3500 domin masu Faransanci a matsayin harshe na biyu, ita ta dace da CE da CM. Ni dai ra'ayina, Maganar Allah a fara ba yaro ita da harshen da yake addu'a da shi. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, an kuma sabunta fassarar daga baya, sabuwar ta fi sauƙi ga yara.

Sai dai kada a ɗauka wanda ya iya karanta Faransanci kuma yana jin Hausa zai buɗe Littafin Hausa ya wuce. Ba ya wucewa. Idonsa ya saba da Moussa da Haoua, sai ya tarar da Musa da Hauwa. Ga inda yake tuntuɓe, kusan kowane yaro wuri ɗaya. Ya ga "cikin" ya ce "sikin", domin bai san c ɗinmu shi ne tch ɗinsu ba. Ya ga "Dauda" ya ce "Doda", ya ga "rai" ya ce "re". Ya ga "gida" da "gero" ya tausasa g ɗin. Ya mai da s na tsakiyar wasula z. Ya tura an da in ta hanci. Ya haɗiye h. Sannan baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, da bai taɓa gani a aji ba. Maganinsa zama uku na rabin awa kafin a tashi hutu. Zama na farko wasula biyar da ai da au, a gaya masa kowane harafi ana furta shi, babu mai barci. Na biyu c, sh, ts, g, j. Na uku masu lanƙwasa, da tagwayen kalmomi a allo: baki da baƙi, kara da ƙara, bari da ɓari. A nuna masa kuma cewa ƴ da ake gani a littattafan da aka buga a Nijar shi ne 'y na waɗanda suka zo daga Najeriya. In ya ga "fura" ya ce "hura" yadda ake faɗa a gidansu, a ƙyale shi, wannan ba kuskure ba ne, alama ce ya gane kalmar.

Uwa a kwamitin iyaye

Malam, tsarin nan ya yi kyau ga 'ya'yanmu. Amma Malama ta ce akwai 'ya'yan Musulmi, kuma wannan ba abin da za a wuce ba ne. Iyayen nan sun kawo 'ya'yansu ne bisa amana. In yaro ya koma gida da takarda mai hatimin makaranta tana cewa dole ya karanta Markus, an taɓa amanar, kuma gyaranta ya fi gyaran karatu wuya.

A yi takarda biyu. Ta farko ta kowa ce, ita ce aikin makaranta. Ta biyu tsarin Littafi Mai Tsarki, a ba gidajen Kirista, ko ma a raba ta a ekklisiya ranar Lahadi, duk wani uban da ya nema da kansa a ba shi. A tuna kuma yaran Musulmi da yawa suna makarantar allo safe da yamma a hutu, don haka a tambayi iyaye wane lokaci ne minti 20 ɗin zai shiga.

Ta kowa ɗin ba ta rasa abin sawa. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi ga ƙanana. Ga manya, tarihin garinsu: Sarkin Damagaram Tanimun da ganuwar Birni, da yadda Zinder ta kasance babban birnin ƙasar a zamanin Faransawa kafin a mayar Yamai a 1926. 'Yan 4e da 3e za su iya ɗaukar wasan kwaikwayon da marigayi André Salifou, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta a kan Tanimun, su raba 'yan wasa su karanta tare. Ranar 3 ga Agusta ma a cikin hutu take faɗowa, ranar samun 'yancin kai ta 1960 kuma ranar dashen itace. Shafi ɗaya a kan gawo ko dogon yaro a wannan makon, yaro ya dasa ɗaya ya rubuta tsawonsa kowace Asabar. 'Ya'yan ekklisiya kuma su je wurin dattijo su tambayi yadda bishara ta shigo, tun da a nan Zinder mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, ta fara aiki a Nijar a 1924, su rubuta abin da ya faɗa da Hausa.

Mai kula da ɗakin karatu

Malama, zancen dawowar littafi. Abu uku ke cinye shi a damina: ruwa, gara, da ƙanne. Ba sata ba ce mafi yawa.

Kafin ya fita, a lulluɓe bangon da takarda mai kauri, ta buhun siminti da aka kakkaɓe ma tana yi, a bi ƙashin bayansa da salatif mai faɗi. A buga hatimi wuri uku: shafin farko, wani shafi ɗaya a tsakiya da kuka zaɓa wa duk littattafanku, da gefen takardun in an rufe. Kowane littafi ya tafi cikin leda mai kauri. A gaya wa yaro ya rataye ledar a ƙusa, kada ya ajiye a ƙasa ko ya jingina da bangon ƙasa, gara na iya huda littafi cikin 'yan kwanaki. In ya jiƙe, kada a shanya shi a rana, takardun za su kumbura manne ya saki. A buɗe shi a tsaye a inuwa inda iska ke kaɗawa, in ya kusa bushewa a danne shi da abu mai nauyi.

Rajista: lambar littafi, sunan yaro, ajinsa, inda zai yi hutu, lambar wayar babba, da sa hannun uba ko uwa. Babba ne zai zo ya karɓa, ba yaro ba. Littafi ɗaya kawai ga mutum ɗaya. 'Yan CM2 da 3e a yi hattara, su ne masu barin makarantar, in za a ba su sai wanda ke da ƙane a ciki ko wanda aka san gidansu.

Tun da littattafan ba su isa ba, ga yadda ake miƙa su. Waɗanda za su zauna a gari a haɗa su biyar-biyar bisa unguwa, Zango da Zango, Garin Malam da Garin Malam, a ba kowane rukuni littafi biyar daban-daban. Duk mako biyu su yi musanya, cikin mako 10 kowa ya karanta biyar ɗin in ƙanana ne. A sa uwa ɗaya ta riƙe takardar musanyar, in ba haka ba a zagaye na biyu littafi zai maƙale a gida ɗaya.

Masu tafiya ƙauye kada a ba su littafin ɗakin karatu, a yi musu ɗan littafi nasu. Takardar A4 in an buga ta gaba da baya aka ninke biyu tana ba da shafi 4. Takarda huɗu shafi 16 ke nan, a ɗinke tsakiya da zare da allura, ya fi ƙusar maƙala da ke tsatsa a damina. Yara 40 takarda 160, ƙunshi ɗaya mai 500 ya ishi aji uku. Abin da ke ɓata aikin shi ne jerin shafi. Takardar waje tana ɗaukar 16 da 1 a fuska ɗaya, 2 da 15 a ɗaya fuskar, ta biyu 14 da 3, sannan 4 da 13, haka har ciki. Ki ninke fararen takardu huɗu ki rubuta lambobin da hannu, ki warware ki gani, kafin ki kai wa mai fotokopi. Rubutun ya zama manya ga 'yan CE, kuma abin da malamai suka rubuta da kansu ko tatsuniyoyin da suka tattara za a sa.

Malamar CM1, Zango

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura guda: in an dawo, yaya za a gane wanda ya karanta? Wasu malamai suna cewa a sa su rubuta taƙaitawa a ba da maki.

Mushe mai ritaya, Birni

A'a Malama, ban da doguwar taƙaitawa, ban da maki. In kika sa maki, yayye ne za su rubuta, ko a zauna daren ƙarshe na Satumba a cika shafuka. Za ki gane: biro ɗaya, hannu ɗaya, tawada ba ta canza ba tun daga Yuli.

Ki ba kowa ɗan kaye siriri, wato littafin rubutu, shafi ɗaya ga kowane mako. Kullum layi ɗaya: kwanan wata, daga shafi kaza zuwa kaza, da wanda ya saurara. Ranar Juma'a jimla ɗaya a kan abin da ya fi burge shi, da sababbin kalmomi uku. Ƙanana su yi zane. Kayen gaskiya za ki gan shi da datti, da ɗigon ruwa, da kwanakin da aka tsallake.

Makon farko na Oktoba ki fito da sakin layin nan na Yuni, ki ba sabon malamin ajin tare da adadin da kika rubuta. Yaro ya sake karantawa minti ɗaya, a rubuta sabon adadi kusa da tsohon. Sannan a buɗe littafin da ya ce ya karanta a tsakiya, a tambaye shi me ya faru kafin nan. Wanda adadinsa ya sauka sosai kada a tsawata masa, a fara duba ko ya yi jinya, ko yana kai littafi kusa da hanci yana ƙanƙance ido. A ware su rukuni ɗaya, minti 15 kowace safiya kafin a shiga darasi, mako huɗu, sannan a sake awon da sakin layin.